Girman Gidan Harsashi Ba Shi Ne Tsaro Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da ma'aikatanka, da fatan Allah Ya ƙara wa jaridar nan tamu albarka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hoton da kuka buga kwanan baya, na makaman da jami'an tsaro suka ƙwato daga hannun 'yan bindiga a kudancin jihar Maraɗi. An jera Kalashi a kan tabarma, an zube harsasai, a gefe kuma ga wani gidan harsashi kewayayye, irin wanda muke ce wa mai ganga. Bayanin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton ya nuna kamar shi ne abin tsoro mafi girma cikin duk kayan da aka kama. Tun daga ranar babu fadar shayin da na gitta a unguwarmu ban ji samari na maganarsa ba. Wannan ya ce yana cin harsashi 75, wancan ya ce 100, wani kuma ya rantse cewa da za a raba wa kowane soja irinsa, da tuni an gama da ɓarayin daji. Maganar nan ta ƙarshe ita ta hana ni sukuni, don na san ba yara kaɗai ke yin ta ba. Na ji ta a bakin manya masu furfura.

Ni tsohon soja ne. Na ci ƙuruciyata da bindiga a kafaɗa, daga duwatsun Ayar har gaɓar Komadugu, na kuma horar da kurata kafin in ajiye kaki. Wanda nake yi wa magana shi ne wanda doka ta ɗora wa riƙon bindiga: soja, jandarma, gardi, ɗan sanda, ma'aikacin gandun daji, da maharbin da takardarsa ke aljihunsa. Kalashi makamin yaƙi ce, farar hula ba shi da hurumin ajiye ta a ƙasar nan, kuma kada wani ya karanta wasiƙata ya zaci hanya nake nuna masa. Amma tunda zancen ya riga ya fito daga bariki ya shiga bakin 'ya'yanmu, gara su ji shi daga wanda ya ɗauki kayan nan a jikinsa, da su ji shi daga bidiyon da ɓarayi ke watsawa a TikTok da WhatsApp.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne nauyi. Harsashin Kalashi guda, mai lamba 7.62 da 39, nauyinsa giram 16 ne da ɗoriya. Gidan harsashin ƙarfe da kowa ya saba gani, mai lanƙwasa, yana cin 30. In babu komai a cikinsa ya kai wajen giram 330, in an cika shi ya haura giram 800. Ita bindigar kanta ta haura kilo 3. Soja kuwa ba ya fita sintiri da gida guda: ɗaya na jikin bindiga, uku ko fiye na ƙirjinsa. Ka ga harsashi da gidajensa kaɗai sun ba shi kilo 3 da wani abu. Ka ɗora masa hular kwano, da rigar sulke in an samu, da takalmi, da gorar ruwa, da kayan ɗaure rauni, wani ma har da rediyon sadarwa. Shi mai ganga na 75, in aka cika shi, ya haura kilo 2 shi kaɗai. Kuma nauyin nan ba a baya yake ba, inda gadon baya da ƙugu za su taya ka. A ƙarƙashin bindiga yake rataye, hannunka na hagu ke tallafe da shi tun fitowar rana har faɗuwarta.

To, ka kai mutumin nan dajin Babban Rafi a watan Afirilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ƙafa na nitsewa a rairayi, geza da sabara na kama wando, ƙarangiya ta cika safa. Na sha ganin ƙato majiyin ƙarfi ya fito da asuba yana taƙama da yawan abin da ya ɗauko, azahar na yi sai ka gan shi a bayan layi, bakin bindigarsa na kallon ƙasa, idonsa na kan takalmin na gabansa. Wanda ya gaji ba ya ganin sawu, ba ya jin motsi a cikin duhuwa, kuma in ya ɗaga bindiga hannunsa rawa yake. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Duk kilon ƙarfen da ka ƙara, daga ruwanka ka rage shi, ko daga ƙarfin ƙafarka. A iya abin da idona ya gani, waɗanda ƙishirwa da gajiya suka kayar a fagen sintiri sun fi waɗanda harsashi ya ƙare musu yawa nesa ba kusa ba. Matar da ke zuwa rijiya mai nisa ba ta ɗaukar randa don ta fi cin ruwa. Tulun da za ta iya kawowa gida lafiya shi take ɗauka.

Sai maganar rairayi, wanda shi ne abokin zamanmu a ƙasar nan. Gidan harsashi ƙirarsa ba ta da wuya: kwano ne na ƙarfe, da sifirin a ciki, da ɗan faranti mai turo harsashi sama, da leɓɓa biyu a bakinsa masu riƙe harsashi har bindiga ta ɗauka. Amma ka tambayi duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin makamai, zai gaya maka yawancin cijewar bindiga daga ɗan kwanon nan take farawa. Leɓe ya lanƙwashe don an yar da shi a kan dutse, ko sifirin ya gaji, ko ƙasa ta shiga ta haɗu da mai ta zama taɓo. Na 30 kana iya buɗe shi ta ƙasa, ka zare sifirin, ka kakkaɓe, ka goge da tsumma, ka mayar cikin 'yan mintoci, ko da fitila babu. Mai ganga kuwa cikinsa tarkace ne: sifirin mai naɗewa, da hanyar da harsasai ke zagayawa kafin su iso baki, wasu ma sai an wana su da hannu. Ɗura shi na cin lokaci, tsabtace shi na cin lokaci, kuma ƙurar hunturu ba ta neman izini kafin ta shiga. In na 30 ya cije, ka cire shi ka sa wani, asararka ba ta wuce harsashi 30 ba. In mai ganga ya cije, harsashi 75 ne suka koma kaya a hannunka, a daidai lokacin da ka fi buƙatarsu.

Manyan rundunonin duniya sun gwada, sun gani. A yaƙin duniya na biyu sojan Tarayyar Sobiyet na riƙe da wata gajerar bindiga, PPSh-41, mai ganga mai cin 71. Tun ana tsakiyar yaƙin, daga 1942, aka fara ba su miƙaƙƙen gida mai cin 35, saboda gangar ta yi nauyi, tana da wuyar ɗurawa, kuma ta wannan bindiga ba lallai ta zauna daidai a jikin waccan ba. Amurkawa ma haka suka yi da bindigarsu Thompson. Gangarta mai cin 50 nauyi gare ta, ga ƙarar kacau-kacau in ana tafiya da dare, sai suka koma wa mai cin 20 da mai cin 30. A yaƙin Biyetnam kuwa, gidan harsashin M16 na farko 20 yake ci, amma sojoji da yawa 18 suke zubawa, don sun fi son ya yi aiki da ya cika. Mutanen da ransu ke kan layi ne suka rage da hannunsu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Akwai kuma wata al'ada da nake gani a hotunan nan, ta ɗaure gida biyu da salatif, ɗaya kai sama ɗaya kai ƙasa. Duk wanda ya taɓa rarrafe da ciki a gona ya san bakin na ƙasan zai sha rairayi ya ƙoshi, ga nauyi ninki biyu da ke jan maƙallin da aka ƙera don guda ɗaya. Ado ne na hoto.

Darasin farko da muke koya wa kurtu shi ne, in an buɗe wuta, ƙasa uwarka ce, ka manne mata. Na 30 ma kansa, saboda tsawonsa, yakan tokari ƙasa in ka kwanta. Akwai mai cin 40, wanda ya fi shi tsawo, kuma samari na sha'awarsa. Da shi dole ka ɗaga ƙirji da kai kafin ka iya saiti, wato ka miƙa wa abokin gaba abin da yake nema. Haka a bayan mota, inda mutane ke zaune gwiwa da gwiwa, haka a kan babur, haka wajen shiga ƙofar zaure ko kutsawa cikin ƙaya. Abu mai tsawo da faɗi maƙalewa yake. Ita bindiga, a cikin kwana ɗari na aiki, ɗaukarta ake yi. Ranar harbi ɗaya ce tak, wani ma har ya yi ritaya bai gan ta ba. Saboda haka wanda zai zaɓi abin da zai maƙala mata, ya fara tunanin ranakun ɗauka.

Yanzu na zo wurin da ya fi damuna, wato yatsa. Kalashi in aka sake ta tana fitar da harsashi 600 a minti guda. Ka lissafa: na 30 cikin daƙiƙa 3 ya ƙare, na 75 bai cika daƙiƙa 8 ba. Bambancin da samari ke ta kururutawa ke nan, ƙasa da daƙiƙa 5. Kuma daga harsashi na biyu ko na uku bakin bindiga ya fara hawa sama, sauran duk iska suke ci. Na lura da wani abu a filin horo, kuma duk wanda ya koyar da harbi zai shaide ni. In ka ba kurtu harsashi 5 ka ce su ke nan, sai ya natsu, ya gyara numfashi, ya lallaɓa kunama. In ka cika masa gida, shi ɗin dai, sai ya danne ta ya runtse ido. Yawan harsashi na sa wa mutum wani irin gadara, ya ji kamar ƙara ita ce aiki. Ƙara ba ta kayar da kowa.

Kuma harsashin da ya kuskure ba ɓacewa yake ba. Na Kalashi yana iya tafiyar fiye da kilomita 2 kafin ya faɗi. Yana huda zana, yana huda ƙofar langa-langa, yana huda kwanon rufi da jikin mota. Ka dubi yadda ƙauyukanmu suke daga Gabi zuwa Ɗan Isa, daga Safo zuwa Gidan Sori: darnin kara, rumbuna, mata na surfe a tsakar gida, yara na kiwo a bayan gari, kuma da damina gero ya rufe ko'ina, ba ka ganin wanda ke bayan kunya goma. Na taɓa rakiyar wata yarinya zuwa likita, a wani gari da na yi aiki, harsashi a cinyarta. Babu wanda ya saita ta. Babu ma wanda ya san tana wurin, itace ta je yi. Uwarta ba ta yi kuka ba, tambaya ɗaya take ta maimaita mini, wai me ɗiyarta ta yi. Ban da amsa a ranar, har yau kuma ban da ita. Duk mai riƙe da bindiga da sunan hukuma, kowane harsashi da ya fita daga bakinta yana wuyansa, gaban shari'a da gaban Allah. Wanda ya san haka ba zai yi ɗokin abin da zai sa ya saki 75 a numfashi guda ba. Haka masu harbi sama don murna, wai biki ko nasara. Abin da ya hau sai ya sauko, kuma a kan wani yake saukowa.

Mu waiwaya baya kaɗan. Iyayenmu da kakanninmu da suka yi wa Faransa soja sun riƙe MAS 36, mai cin harsashi 5, kowane harbi sai an ja an mayar da hannu. Bayanta aka yi MAS 49/56 mai cin 10. A ƙetaren iyaka, inda Ingila ta yi mulki, Lee-Enfield ce mai cin 10. G3 ta Jamus da FAL ta Beljiyam 20 suke ci, don harsashinsu ya fi girma da nauyi. FAMAS ta Faransa 25. Ita Kalashi, tun da sojan Sobiyet suka karɓe ta a 1949, a 30 take, kuma da suka sauya mata harsashi a 1974 ba su ƙara ba. Fiye da shekara 70 ke nan, ƙasashen da suka fi kowa kuɗi da masana'antu ba su ɗaga wannan adadi ga sojan ƙasa ba. Hasali ma sabuwar bindigar da sojan Amurka suka zaɓa a 2022, da yake harsashinta ya fi nauyi, gidanta 20 yake ci. Ba rashin dabara ya hana su ƙera mai cin 100 ga kowa ba. Sun auna jikin ɗan Adam ne, da abin da zai iya ɗauka ya yi gudu da shi, ya kwanta da shi, ya sauya shi cikin duhu, sai lissafi ya tsaya tsakanin 20 da 30.

Ba na cewa babban gida ba shi da wurinsa. Mai ganga na 75 da dogon nan na 40 an ƙera su ne don wata babbar bindiga, RPK, wadda bakinta ya fi na Kalashi kauri da tsawo, tana da ƙafafu biyu da ake kafa ta a kansu. Wata babbar kuma, PKM, jigidar harsashi take ci. A cikin rukunin soja mutum guda ake ware wa wannan aiki, a horar da shi a kai, wani lokaci har da mai taya shi ɗaukar kaya, kuma akwai shugaba a kansa mai ce masa buɗe, mai ce masa tsaya. Aikinsa ya danne abokan gaba don 'yan'uwansa su samu motsawa. In ka ɗauki abincin waccan bindiga ka ɗura wa Kalashi, bakinta siriri ne, zafi take yi nan da nan. Na ga katakon hannunta na hayaƙi da idona.

Bari in juya ga maharba, don su ma zancen ya shafe su, kuma su ne na fi jin tausayin a ruɗe su. Akwai wani dattijo maharbi daga wajen Madarunfa da nakan zauna da shi in ya shigo kasuwa. Da bindigar toka ya fara, daga baya ya samu mai baki biyu da takardarta. Na taɓa tambayarsa ko bai taɓa sha'awar mai cin harsashi da yawa ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, in harbin hwari bai kada nama ba, na biyu gyara ne. Na ukku kau, hwaɗa da iska ne." Gaskiya ya faɗa. Zabo ko zomo ko gada ba sa tsayawa jiran na uku. Gwanintar maharbi tana wajen sanin iska, da bin sawu, da haƙurin kwanto har nama ya shigo inda ba za a kuskure ba. Ƙasashen da farauta ke da doka mai ƙarfi ma a kan haka suka tsaya. A Faransa bindigar farauta mai ɗana kanta ba a yarda ta wuce harbi 3 ba. A Amurka mai harbin agwagin ruwa da sauran tsuntsaye masu ƙaura dole ya toshe bindigarsa kada ta ci fiye da 3. A Kanada babbar bindiga mai ɗana kanta 5 aka yanke mata. Mu ma muna da dokar farauta ta 1998, wadda ta ce sai da izini. Dalilin duka ɗaya ne: a bar wa daji abin da zai hayayyafa. Waɗanda suka girme ni sun ga jimina da garken barewa a arewacin Dakoro. Fari ya ci nasa, gonaki sun ci nasu, amma mota da bindiga mai aman wuta su suka ƙarasa saura. Gandun Gadabeji tun 1955 aka keɓe shi, duk da haka sai a 2018 aka kwaso raƙuman dawa daga Kure aka mayar can, bayan an daɗe ba a ga ko ɗaya ba. Maharbin da ya san darajar sana'ar ubansa ba ya buƙatar abin da ya wuce biyu a bindigarsa da 'yan kaɗan a gafaka.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini shi a cikin zaurena. Ɗan ƙanwata, da ke zaune a wani ƙauye na gundumar Gidan Rumji, ya zo gaishe ni bayan an kore musu shanu an tafi da mutum biyu. Ya ce, "Kawu, kai kana birni kana lissafin kilo. Su da Kalashi suke zuwa, mu da bindigar toka muke tarbarsu. Kafin ka ɗura ta biyu an gama da kai." Ban iya ce masa ƙarya yake ba. Na san abin da mutanen kan iyaka ke sha, na ga waɗanda suka sayar da gona da rumbu don fansar ɗa. Na ce masa, ɗana, zafin da kake ji ni ma ina jin sa, amma ka dubi maƙwabtanmu. A Zamfara an bi wannan hanya. 'Yan sa-kai suka tashi don kare garuruwansu, abin ya zarce, aka shiga yanke wa mutane hukunci a kasuwanni, ramuwar gayya ta biyo baya, kowane ɓangare na neman makamin da ya fi na ɗaya, har gwamnatin jihar ta sha haramta su. Ƙarshenta, tun daga 2019 dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako mana, ga su nan a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Makamin da ya shiga ƙauye ba ya fita in ɓarawo ya tafi. Yana nan ranar rikicin gona, yana nan ranar faɗan makiyayi da manomi, yana nan ranar da ɗan gidan ya sha ƙwaya. Abin da ƙauyensu ke buƙata shi ne jami'an da za su iso da wuri, da layin waya mai aiki, da hanyar da mota za ta bi da damina, da amanar da za ta sa mutum ya kai labari ba tare da tsoron a tona shi ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa ƙasashe ke sa ido a kan gidan harsashi shi kansa. Ɗan lokacin nan da mai harbi ke tsayawa ya sauya gida, a cikinsa ne mutane ke tsira. A 2011, a garin Tusan na Amurka, wani ya buɗe wa taro wuta da ƙaramar bindiga mai gida mai cin 33. Sai da ya tsaya sauyawa mutanen wurin suka samu suka danne shi. Ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, a Kiraiscoc ta ƙasar Nuzilan, mutum guda ya kashe masallata 51 a masallatai biyu. Wata guda bai cika ba majalisar ƙasar ta haramta yawancin bindigogi masu ɗana kansu, tare da manyan gidajen harsashi. A hannun soja babban gida kaya ne da matsala, a hannun azzalumi kuwa, a gaban mutanen da ba su da abin kare kansu, shi ne ke hana su samun ɗan lokacin gudu. Ta wannan fuskar wakilinku bai yi kuskure da ya ji tsoronsa ba. Inda na saɓa da shi, bai gaya wa mai karatu cewa tsoron na kasuwa ne da masallaci ba, sai yara suka ɗauka abin jarumta ne.

Ina da roƙo ga mahukunta. Muna da hukumar ƙasa mai tattara haramtattun makamai tun 1994, kuma a 25 ga Satumba 2000 an ƙona bindigogi fiye da 1,000 a Agadas a gaban idon duniya. Rugujewar Libiya a 2011 ta sake cika Sahel da makamai. Bindiga guda tana shekara 40 tana aiki, amma ba ta aiki da yunwa. Abin da ke tsallaka iyaka kullum, a cikin buhun hatsi da ƙarƙashin sirdin babur, harsashi ne da gidajensa. Yarjejeniyar da ƙasashen CEDEAO, wato ƙungiyar Afirka ta Yamma, suka sa wa hannu a Abuja a 2006 ba bindiga kaɗai ta ambata ba, har da harsasai da kayan da ke tafiya da su. Ko da mun fita daga ƙungiyar, hankalin da ke cikin wannan tsari namu ne, mu riƙe shi. A riƙa ƙirga gidan harsashi kamar yadda ake ƙirga bindiga: a sa masa lamba, a rubuta wanda ya karɓa, a ƙirga da fita, a ƙirga da dawowa. Wanda ya lalace a murƙushe shi a gaban shaidu, kada a jefa shi bayan ɗaki. In an kama kaya, a duba tambarin da ke gindin kwanson harsashi, don yana nuna masana'antar da ta ƙera shi, sau da yawa har da shekara, a bi sawu daga nan. Kuɗin da za a kashe a kan kayan burga kuma, a sayi harsashin horo da shi, yaranmu na bariki su riƙa zuwa filin harbi a kai a kai. A ba su gidaje na 30 masu lafiya, da jakar ƙirji mai rufewa da ke tare rairayi, da isasshen ruwa.

Kai kuma, Malam Edita, roƙona gare ka ƙarami ne. In za ku sake buga irin wannan hoto, ku nemi wanda ya san kayan ya yi muku bayani kafin a rubuta abin da ke ƙasansa. Tsofaffin sojoji da jandarmomi na nan birjik a Maraɗi, ba kuɗi za su nema ba. Kuma a gefen hoton makaman, ku ba mu labarin ƙauyen da aka ƙwato su a kusa da shi: shanu nawa suka dawo, su wa ke hannun ɓarayi har yanzu, gonaki nawa ba a nome ba bana. Ku aika wakilinku Gidan Rumji da Madarunfa ranar kasuwa, ya zauna da mutane ya ji daga bakinsu.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon soja,
Unguwar Zariya, Maraɗi.